Wanda Aka Ba Amana, Laifi Ne A Tambaye Shi Lissafi?



Abin da ya jawo wannan rubutu ƙaramin abu ne, kuma a gabanmu ya faru. Kwanakin baya kwamitin wani masallaci a nan cikin unguwa ya kira taro bayan la'asar, domin a sake neman taimako a ƙarasa rufin kwano. Ana cikin magana sai wani matashi, ɗan gwanjo, ya ɗaga hannu ya ce yana roƙon a fara karanta wa jama'a nawa aka tara bara, nawa aka kashe, nawa ya rage. Bai zagi kowa ba, bai ma ɗaga murya ba. Amma wuri ya yi tsit kamar an aiko da saƙon mutuwa. Ma'ajin kwamitin, dattijon da muka sani sama da shekara talatin ba mu taɓa jin an ce ya ci kwabon wani ba, ya miƙe idonsa jajur, ya ce tun da abin ya kai ana zarginsa da sata, ga makullin akwati nan, a nemi wani. Aka yi ta ba shi haƙuri. Aka yi wa yaron ca, aka ce ya je ya durƙusa, ya kuwa je ya durƙusa. Taro ya watse ba a karanta komai ba.

Mu ma muna cikin masu ba da haƙurin, ba za mu ɓoye ba. Sai da muka koma gida abin ya tsaya mana a rai. Me yaron nan ya yi na rashin kunya? Tambayar lissafi zargi ne? In zargi ne, to addini ya hana mu mummunan zato, ke nan bakinmu ya mutu a kan duk wani mai riƙe da kuɗin jama'a, daga ma'ajin masallaci har minista. In kuwa ba zargi ba ne, to mun zalunci yaron, kuma irin wannan zaluncin ne muke yi wa kanmu kullum game da kuɗin gwamnati.

Abin mamaki, mu 'yan kasuwa ne, babu wanda ya kai mu sanin lissafi. Mai sayar da katako, in mota ta iso, ɗaya bayan ɗaya yake ƙirga kayan, direba na tsaye yana kallo, kuma direban ba ya cewa an raina shi. Mai hatsi sai ya soki buhu ya ga abin da ke ciki kafin ya biya, ko da mai kayan abokinsa ne na shekara ashirin. Yaron shago, ko ɗan cikinka ne, da magariba za ku zauna a ƙirga ciniki. Uwar adashi tana da littafi. Duk wannan ba mu taɓa kiransa cin mutunci ba, muna cewa sabo da kaza ba ya hana yanka. Sai in kuɗin ya zama na kowa da kowa, nan ne kunya ke sauko mana, mu ce a bar shi da Allah. Kuɗin mutum ɗaya yana da mai gadi, kuɗin mutum dubu kuwa maraya ne.

Ga waɗanda suka yi zaman makarantar Islamiyya, wannan ba baƙon karatu ba ne. Ayar da ta fi kowace tsawo a cikin Alƙur'ani, a ƙarshen Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma mutanen da ta fara sauka a kansu Sahabbai ne, waɗanda ba mu kai ƙurar takalminsu ba wajen gaskiya. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya taɓa aiken wani mutum, Ibnul Lutbiyya, karɓar zakka. Da ya dawo aka zauna lissafi da shi, ya ware wani kaso ya ce wannan kyauta aka yi masa. Annabi bai bar maganar tsakaninsu biyu ba, ya hau mumbari ya nuna wa jama'a cewa da mutumin ya zauna a gidan iyayensa babu wanda zai kawo masa wannan kyauta, kujerar aka ba, ba shi ba. Sayyadina Umar kuwa ya kan sa a rubuta dukiyar gwamna kafin ya kama aiki, in ya ga ta yi ƙiba fiye da kima ya raba ta da baitulmali. Yana da mutum na musamman, Muhammadu bin Maslama, wanda aikinsa shi ne zuwa garuruwa ya binciki ƙorafin da aka kawo a kan gwamnoni. Har Kufa aka aike shi a kan Sa'adu bin Abi Waƙƙas, wanda yana cikin goma da aka yi wa bushara da Aljanna tun suna raye. To in aka binciki Sa'adu, kuma Umar da bakinsa ya wanke shi daga ha'inci daga baya, waye shugaban ƙaramar hukuma da zai ce tambaya ta ɓata masa suna?

Mun san abin da wasu za su ce: ai an hana bin diddigin asirin mutane, an kuma kwaɗaitar da mu rufa wa ɗan uwa asiri. Gaskiya ne. Amma asirin da aka ce a rufa shi ne wanda yake tsakanin bawa da Ubangijinsa, abin da mutum ya yi a bayan ƙofarsa bai cuci kowa ba sai kansa. Kuɗin jama'a ba ya cikin wannan. Wanda ya karɓi makullin akwatin mutane, tun ranar da ya karɓa ya yarda a buɗe akwatin a gabansa. In ka rufa masa asiri a nan, da bargon wasu ka rufa, kuma ba ka nemi izininsu ba.

Yanzu mu fita daga masallaci mu dubi jiharmu, domin Filato tana da labarin da ya ishe mu darasi. A shekarar 2001 Gwamnatin Tarayya ta fitar da cekin kuɗi na sama da naira biliyan 1.1 daga asusun kula da muhalli domin Jihar Filato. Duk wanda ya san ƙasar nan ya san muna da buƙata. Kamfanonin haƙar kuza, waɗanda aikinsu ne ya kawo da yawa daga kakanninmu nan, sun tafi sun bar mana kududdufai birjik daga Bukuru zuwa Barikin Ladi, ga zaizayar ƙasa, ga rafukan da ke ratsa unguwanni babu magudana. Gwamnan lokacin, Joshua Dariye, wanda shi kansa akanta ne ta fuskar karatu, shi ya karɓi cekin. Shaidun da aka gabatar a kotu daga baya sun nuna an rarraba kuɗin, wani kaso ya shiga asusun jiha, wani ya tafi wajen jam'iyya, wani ya faɗa wani kamfani da aka danganta da gwamnan.

Ku duba yadda lokaci ya tafi. A watan Satumba na 2004 'yan sandan Landan suka kama shi, aka ba shi beli, ya dawo gida bai koma ba. A nan kuwa sashe na 308 na kundin tsarin mulki ya ba gwamna mai ci rigar kariya, ba a gurfanar da shi. Sai 2007, bayan ya sauka, hukumar EFCC ta kai shi kotu. Aka yi ta jan shari'a kan wace kotu ke da hurumi, har Kotun Ƙoli, ba a fara sauraron shaidu sosai ba sai 2016. Ranar 12 ga Yuni, 2018, Mai Shari'a Adebukola Banjoko ta Babbar Kotun Abuja ta yanke masa shekara 14, lokacin yana sanata mai wakiltar Filato ta Tsakiya. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rage zuwa 10, Kotun Ƙoli ta tabbatar da goman a 2021 a kan laifin cin amana. Daga fitar ceki zuwa hukunci shekara 17. Yaron da aka haifa ranar da kuɗin ya fito ya isa zana jarrabawar gama sakandare ranar da alƙali ta yi magana.

A tsakiyar waɗannan shekaru ne, cikin Yulin 2012, ruwa ya zo da dare ya shafe gidaje a Rikkos da Gangare, muka yi jana'izar mutane da dama, har da yara ƙanana. Ba muna cewa kuɗin 2001 ne zai tare ruwan 2012 ba, wannan Allah kaɗai ya sani. Abin da muke cewa shi ne, domin irin wannan aiki aka kafa asusun, kuma idan aka ce an karkatar da kuɗin muhalli, kada mutum ya ɗauka lambobi ne a takarda. Magudanar da ba a gina ba ce, a bayan gidan wani.

To ina masu sa ido suke duk tsawon wannan lokaci? Suna nan a rubuce. Sashe na 85 na kundin 1999 ya kafa ofishin Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya, wato Odita-Janar, sashe na 125 ya kafa na kowace jiha, kuma jiharmu tana da wani daban na ƙananan hukumomi. Aikinsu su bi littattafan ma'aikatu, su rubuta rahoto, su miƙa wa majalisa, kwamitin majalisa mai kula da asusun gwamnati ya kira waɗanda aka ambata su yi bayani. An kafa ICPC a 2000, EFCC ta fara aiki a 2003. Akwai hukumar da ke karɓar takardar bayyana kadarorin ma'aikata, wadda in ka duba da kyau aikin nan ne na Sayyadina Umar aka sa wa rigar Turanci. A takarda, ba mu rasa komai ba.

Sai dai odita ba ya kama kowa, rubutu kawai yake yi. Dokar da ofishinsa ke tafiya a kai ta samo asali tun 1956, zamanin Turawa, an sha kai ƙudurin sabunta ta majalisa yana maƙalewa. Kundin tsarin mulkin ma bai ba shi damar bincikar manyan hukumomi da kamfanonin gwamnati kai tsaye ba, sai dai ya ba su jerin sunayen masu bincike su zaɓa, shi kuma ya yi tsokaci, ko ya riƙa leƙawa jefi-jefi. Rahoton kan fito bayan shekara biyu ko uku, lokacin da mai laifin ya canza ma'aikata ko ya yi ritaya, ihu bayan hari ke nan. Wanda kuma ya yi aikin da gaske ba lalle ya ji daɗi ba. A farkon 2003 muƙaddashin Odita-Janar, Vincent Azie, ya fitar da rahoto a kan kuɗin 2001 da ya tona ɓarna a ma'aikatu da yawa, har da fadar shugaban ƙasa. Ba a daɗe ba aka raba shi da kujerar. Duk oditan da ya zo bayansa ya karanta wannan wasiƙa ko da ba a aiko masa ba.

Duk da haka kada mu ce aikin banza ne. Ku tuna labarin da ya ba ƙasar nan dariya a 2018, da wata ma'aikaciyar JAMB a Makurdi ta ce maciji ya haɗiye naira miliyan 36. Mun yi dariya, amma ba mu tsaya mun tambayi yadda aka yi maganar ta fito ba. Masu bincike ne suka je ofishin suka ce a kawo lissafi. Da ba su je ba, macijin ba zai ma buƙaci a ƙirƙire shi ba. Kuma hukumar nan da a da ba a san ta da mayar wa gwamnati wani abin kirki ba, tun da aka matsa lissafi a ƙarƙashin Farfesa Ishaq Oloyede ta koma mayar da biliyoyi. Mutanen ba su zama waliyyai dare ɗaya ba, sun dai san za a buɗe littafi.

Akwai wata magana da ta fi duk waɗannan nauyi a wurinmu mu mutanen Jos, kuma gara mu faɗe ta tsakaninmu. Ranar da aka ɗaure Dariye, da yawa a unguwar nan sun yi murna, kuma ba don kuɗin muhalli ba. Tsohon ciwo ne na 2001 da 2004. A ɗaya ɓangaren garin kuwa wasu sun ce an yi masa ne don addininsa da ƙabilarsa. Kowa ya duba wanda aka kama, babu wanda ya duba kuɗin. Amma da kotu ta ɗaure Abdulrasheed Maina shekara 8 a 2021 a kan kuɗin 'yan fansho, da kuma EFCC ta kama Akanta-Janar na Tarayya Ahmed Idris a 2022 bisa tuhumar sama da biliyan 100, a majalisun shayinmu aka fara jin wai ana farautar 'yan Arewa ne, wai ina sauran ɓarayin. Tuhuma dai ba hukunci ba ce, wannan mun yarda, kuma wanda kotu ba ta kama da laifi ba ba za mu kira shi ɓarawo ba. Amma tsohon da ya mutu a layin fansho bai tambayi addinin wanda ya ci kuɗinsa ba. In bincike yana da kyau ranar da ya faɗa kan na wasu, ya zama zalunci ranar da ya faɗa kan namu, to ba gaskiya muke so ba, ramuwa muke so.

Masu cewa hukumomin nan suna zaɓen wanda za su kama ba ƙarya suke yi ba gaba ɗaya. Mun ga yadda fayil ke yin barci in mutum ya sauya jam'iyya. Su kansu shugabannin EFCC, Ibrahim Magu a 2020 da Abdulrasheed Bawa a 2023, dakatar da su aka yi ana bincikensu. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Sai dai maganin mai gadi mai barci ba shi ne a cire ƙyauren ba. In an kama mutum ɗaya an bar tara, abin da za mu nema shi ne a kamo taran, ba a saki ɗayan ba.

Sakin kuwa an yi. A watan Afrilun 2022 Majalisar Magabata ta Ƙasa, ƙarƙashin Shugaba Buhari, ta amince da yi wa Dariye da tsohon gwamnan Taraba Jolly Nyame afuwa, aka ce saboda shekaru da rashin lafiya, a watan Agusta suka fito daga Kuje. Doka ta ba shugaban ƙasa wannan iko, ba mu ja ba, kuma ba ma yi wa kowa fatan ya mutu a kurkuku. Amma a karatun da muka yi, haƙƙi iri biyu ne. Na Allah, Shi ke yafewa in Ya so. Na bayi kuwa sai mai shi ya yafe. Shugaba yana iya buɗe ƙofar kurkuku, wannan nasa ne. Kuɗin kuwa na mutanen Filato ne, Musulminsu da Kiristansu, Birom da Angas da Bahaushe da Bafulatani, kuma babu wanda ya zo ya tambaye su ko sun yafe. Wannan ma ya shafi mu nan ƙasa, domin sau nawa dattawa ke zama a ce a yafe wa wane kuɗin ƙungiya don a zauna lafiya, alhali masu kuɗin, zawarawa da 'yan dako da suka riƙa sa ɗari bibbiyu, ba sa wurin?

Abin da ya rage shi ne namu rabon. Odita yana ofis, littafi yake gani. In an kawo masa rasit mai hatimi cewa an haƙa rijiyar burtsatse, a wurinsa an haƙa. Mu ne muka san akwai wata a wani lungu a nan, an kafa allo da sunan aikin, an ɗora tanki, an ɗauki hoto, ta yi mako biyu tana ba da ruwa ta ƙafe, yau shekara huɗu yara na wasa a gindinta. Babu ɗaya daga cikinmu da ya rubuta ko layi ɗaya ya tambaya nawa aka biya, wa aka ba kwangilar. Alhali tun 2011 akwai dokar 'yancin samun bayanai, wadda ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa hukuma ya nemi irin wannan bayani, aka ba hukumar kwana 7 ta amsa. Tun 2019 ICPC take bin ayyukan mazaɓu na 'yan majalisa, kuma tana karɓar ƙorafi. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Ko an aiwatar ko ana jan ƙafa, ma'anarsa ita ce kuɗin da ya kamata ya zo Jos ta Arewa yana da adadi sananne duk wata, ana buga shi, yaranmu masu waya suna iya dubawa cikin minti biyar. Mun daɗe muna faɗa a kan wa zai hau kujerar ƙaramar hukumar nan, har jini ya zuba a 2008, kasuwarmu ma ba ta tsira ba. Da rubu'in wannan ƙarfin muka sa wajen tambayar abin da ake yi da kuɗin kujerar, da kwatocinmu ba haka suke ba.

Amma da wane baki za mu tambayi ciyaman, mu da muka sa yaro durƙuso don ya tambayi ma'aji?

Shi ya sa bayan kwana uku muka je gidan dattijon nan, mu biyu. Muka ce masa, Baba, babu wanda ya ce ka ci, amma ka fito da littafin, don shi ne zai tsaya maka ranar da ba ka nan. Ya yi shiru, sannan ya shiga ɗaki ya ɗauko. Littafin makaranta ne mai bango ja. Yawancin abu yana ciki, har kuɗin ƙusa. Amma akwai wata uku da ba a rubuta komai ba, lokacin da ya kwanta asibiti ɗansa ke karɓar kuɗin Juma'a, akwai kuma siminti buhu goma sha biyu da babu rasit. Mu mun yarda an sayi simintin, ga shi nan a jikin bango. Sai dai yardarmu ba za ta hana wani bayan shekara goma ya ce wa jikansa kakanka ya ci kuɗin masallaci ba, kuma ba shi da abin da zai nuna. Da muka faɗa masa haka ya daɗe bai ce komai ba.

Ya amince za a karanta lissafin ranar Juma'a ta farkon wata mai kamawa, bayan la'asar, tare da giɓin wata ukun yadda yake, sannan a liƙa kwafi a ƙofar masallaci. Sharaɗinsa ɗaya ne, wai yaron nan ɗan gwanjo shi zai zauna kusa da shi ya riƙa haɗa lambobin, tun da shi ne mai ƙwaƙwalwa. Mun aika wa yaron, ya ce zai zo.